Kalmar "Odisiya" da Ma'anar da Ta Yar a Hanya

Akwai wata kalma wadda ɗalibai masu juya rubutun Turawa zuwa Hausa su kan yi tuntuɓe da ita. Ingilishi suna rubuta ta odyssey, Faransawa kuwa odyssée, amma a cikin wannan takarda za a rubuta ta Odisiya, gama haka ya fi kusa da bakin Yunanawa masu ita. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar an ce ma'anarta doguwar tafiya mai yawan aukuwa da faɗi tashi. Wannan bayani ba ƙarya ba ne, sai dai ya bar rabin zancen a baya. Nufin wannan takarda shi ne a koma ga waƙar da kalmar ta fito daga cikinta, a auna abin da waƙar ta ɗauka babba da abin da kalmar ta riƙe, sa'an nan a duba yadda ya kamata mai fassara ya yi da ita.

Asalin kalmar

Odisiya sunan waƙa ne. Yunanawa sun ƙera shi daga sunan mutum, watau Odisiyus, sarkin wani ɗan tsibiri mai duwatsu da a ke kira Itaka, yamma da ƙasar Girka. Ma'anar sunan a farko ba ta wuce "labarin Odisiyus" ba, babu ko ƙanshin tafiya a cikinsa. A na jingina waƙar ga Homa, wanda kuma a ke jingina wa ɗaya babbar waƙar Yunanawa, Iliyad, mai labarin yaƙin birnin Turoyi. Masana suna sa zamanin tsara ta wajen ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Tana da layi fiye da 12,000, an kuwa raba ta babi 24, daidai da yawan haruffan Yunananci.

Shi kansa sunan Odisiyus, waƙar ta kawo masa dalili a babi na 19. An ce kakansa na wajen uwa, Autolikus, mutum ne wanda ya shahara da sata da rantsuwar wayo, ya kuwa yi ta ɓatawa da jama'a. Da aka ɗora masa jaririn a cinya, sai ya raɗa masa suna daga wata kalma mai nufin fushi da ƙiyayya. Masana harshe na yanzu suna ganin sunan ya girmi Yunananci, wannan bayani kuwa wasan kalma ne na mawaƙi. Ko da haka ne, wasan ya nuna yadda mawaƙin ya ɗauki gwarzonsa: mutum ne mai jawo fushi, wanda kuma fushin wasu ya bi shi. Mai wahala ne tun daga suna.

Abin da waƙar ta ƙunsa

Galibin waɗanda su ka ji labarin Odisiyus, abin da su ka riƙe shi ne abubuwan al'ajabi na teku. Ya bar Turoyi da jirage 12. Ya sauka ƙasar masu cin wata 'yar itaciya wadda duk wanda ya ɗanɗana ta sai ya manta gida. Ya faɗa kogon Folifemus, ƙato mai ido ɗaya, wanda ya cinye mutanensa shida, sa'an nan Odisiyus ya bugar da shi da giya, ya ce masa sunansa "Ba-kowa", ya tsone masa ido da tsinin gungume. Ya zauna shekara guda wurin Kirki, matsafiyar da ta mai da mutanensa aladu. Ya je bakin ƙasar matattu neman shawara. Ya toshe kunnuwan matuƙansa da kakin zuma, ya sa aka ɗaure shi a ginshiƙin jirgi domin ya ji waƙar matan nan masu jan matafiya ga halaka. Daga ƙarshe mutanensa su ka yanka shanun da aka hana su taɓawa, tsawa ta fasa jirgin da ya rage, ya tsira shi kaɗai.

To, sai a ƙidaya. Duk waɗannan abubuwa suna cikin babi huɗu ne kurum, daga na 9 zuwa na 12, watau kashi ɗaya cikin shida na waƙar. Babi huɗu na farko ba a ma ga Odisiyus a fili ba. Labarin gidansa ne, inda manema 108 su ka tare, suna cin dukiyarsa, suna matsa wa matarsa Fenelofi ta zaɓi miji, da kuma labarin ɗansa Telemakus da ya fita cigiyar ubansa. Daga babi na 13 har zuwa na 24, rabin waƙar cif, Odisiyus yana Itaka ne, ƙafarsa a ƙasar haihuwarsa.

Haka kuma lissafin shekaru. Ya yi shekara 10 a yaƙi, 10 a hanyar komowa. Cikin goman nan ta biyu, bakwai a zaune ya yi su a tsibirin Kalifso, wadda ta tsare shi tana so ya zama mijinta, ɗaya kuma a gidan Kirki. Abin da ya rage na tuƙi da karo da dodanni bai kai shekara uku ba. Sa'ad da mawaƙi ya fara nuna shi a babi na 5, ba ya nuna shi yana hangen sabuwar ƙasa da murna. Ya nuna shi zaune a bakin gaɓa yana kuka, yana duban ruwa. Kalifso ta yi masa tayin rai marar ƙarewa da ƙuruciya marar tsufa in ya zauna. Ya yarda da bakinsa cewa matarsa ba ta kai ta kyau ba, amma ya ƙi tayin. Duk mai son ya gane waƙar, daga wannan ƙi ya kamata ya fara.

Yunanawa suna da kalma ta musamman domin irin wannan labari, ita ce nostos, watau komowa gida. Har akwai wata tsohuwar waƙa da ta ɓace wadda ta tara labarun komowar sauran jarumawan Turoyi. Odisiya kanta tana yawan waiwayen waɗannan: Agamemnon ya isa gida da wuri, aka kashe shi da haɗin bakin matarsa, Menelawus kuwa sai a shekara ta takwas ya isa. Daga wannan kalma ne wani ɗalibin likita a birnin Basel, Yohanes Hofa, ya ƙera sunan ciwon begen gida a shekarar 1688, sunan da Turawa ke amfani da shi har yanzu.

Aristo, a littafinsa na nazarin waƙa, ya taƙaita Odisiya cikin 'yan kalmomi. A wurinsa labari ne na mutumin da ya daɗe ba ya gida, allan teku yana bibiyarsa, an bar shi shi kaɗai, a gida kuwa a na cin dukiyarsa a na ƙulla wa ɗansa makirci, sai ya komo bayan wuya, ya bayyana kansa, ya tsira, ya hallaka maƙiyansa. Sauran duka ya ɗauke su ƙarin zance ne da aka yi wa jigon. Ashe abin da mutanen yanzu su ke kira odisiya, shi ne ainihin abin da Aristo ya ajiye a gefe.

Isa gida da shiga gida

Gwanintar mawaƙin ta fi bayyana a rabi na biyu, inda ya nuna cewa isa gida daban, shiga gida daban. Mutanen Fayakiya su ka kawo Odisiyus Itaka yana barci, su ka shimfiɗe shi a kan rairayi da kyautarsa. Da ya farka bai gane wurin ba, har ya fara zargin an yaudare shi. Mutumin da ya shekara 20 yana begen wannan ƙasa, ga shi a kanta yana tambaya ina ne nan. Sa'an nan ya shiga gidansa cikin tsummoki da kamar mabaraci, aka zage shi, aka jefe shi da kujera a zaurensa.

Daga nan sai ganewa ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hujjarta. Ya bayyana kansa ga ɗansa a bukkar makiyayi. Tsohon karensa, Argos, kwance a juji, ya ji muryarsa, ya kaɗa wutsiya, ya mutu. Tsohuwar da ta rene shi, Yurikiliya, tana wanke masa ƙafa ta taɓa tabon da aladen daji ya yi masa tun yana saurayi. Bakansa wanda manema su ka kasa ɗaure wa tsirkiya ya shaida shi, da ya harba kibiya ta ratsa gatura 12. Amma Fenelofi, wadda ta shekara uku tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare domin ta ja lokaci, ba ta yarda da tabo ko baka ba. Sai ta ce a fitar masa da gado waje a yi masa shimfiɗa. Nan take ya fusata, gama shi ya sassaƙa gadon da hannunsa, ƙafarsa ɗaya kuwa kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa, ba mai iya gusar da shi sai ya sare itacen. Wannan fushi shi ne shaidar da ta ke jira. A wannan wuri kaɗai aka ga mai wayon da ya yaudari ƙato da manema, an yi masa wayo ya faɗa, wadda ta kā da shi kuwa matarsa ce.

Bai kamata a ɓoye duhun da ke cikin wannan komowa ba. An kashe manema duka a cikin zaure, an rataye kuyangi 12 da su ka bi su, dangin waɗanda aka kashe kuma su ka taso neman fansa, sai da Atina ta shiga tsakani. Cikin jirage 12 da mutanen da ya ɗiba daga Itaka, ko ɗaya bai mai da wa iyayensu ba. Har wa yau wasu hasarorin shi ya jawo su. Da ya tsira daga kogo, girman kai ya sa ya ɗaga murya ya faɗa wa Folifemus sunansa na gaskiya, da wannan suna kuwa ƙaton ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon. Saboda haka kalmar, in an bi asalinta, tana ɗauke da hasara da alhaki tare da nasara.

Akwai kuma wani abu da mai nazari ya kamata ya lura da shi. Babi huɗun nan na al'ajabi ba mawaƙi ne ya ba da su da bakinsa ba. Odisiyus ne ya ke faɗa wa mutanen Fayakiya a wurin liyafa, yana bukatar jirginsu da kyautarsu. Shi ne kuma mutumin da, da isarsa Itaka, ya yi ta ƙaga labaru iri iri yana cewa shi mutumin Karita ne. Mawaƙin ya gaskata wasu daga cikin abubuwan tekun a wasu wurare, saboda haka ba a ce ƙarya ba ne. Amma ya sa mafi ban mamakin labarinsa a bakin gwanin ƙaga labari, ya bar mai sauraro da shawara.

Yadda ma'anar ta juya

In haka waƙar ta ke, ƙaƙa sunanta ya koma nufin fita yawo? Irin wannan juyi yana cikin waƙar tun farko. A ƙasar matattu, boka Tiresiyas ya gaya wa Odisiyus cewa bayan ya komo sai ya sake fita, ya saɓa filafilin tuƙi a kafaɗa, ya nausa cikin tudu har ya kai ga mutanen da ba su san teku ba, waɗanda za su zaci abin shiƙar hatsi ya ɗauko. Kuma ba a musun yana da kwaɗayin sani, gama ba abin da ya kai shi kogon Folifemus sai son ya ga mai kogon. Mawaƙan baya su ka kama wannan zare su ka ja.

Rumawa sun kira shi Ulikses, daga nan Turawa su ka sami Yulisis. Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, bai san Yunananci ba, bai kuwa karanta Homa ba. A waƙarsa ta lahira ya kawo Yulisis wanda begen ɗa da tsohon uba da mata bai hana shi ba, ya zuga mutanensa su ka wuce mashigin Jibralta zuwa tekun da ba kowa, su ka yi wata biyar, guguwa ta nutsar da su. Wannan Yulisis ya juya wa na Homa baya sarai. Tenison na Ingila, a waƙar da ya tsara a 1833 aka buga a 1842, ya nuna shi tsohon sarki wanda zaman Itaka ya gundura, ya bar wa ɗansa mulki ya sake shiga jirgi. Zamanin nan kuwa shi ne zamanin da Turawa ke bazuwa cikin duniya suna neman ƙasashe, gwarzo mai ƙin zama ya fi dacewa da zuciyarsu. A cikin wannan ƙarni na 19 ne Ingilishi ya saba da kiran kowace doguwar tafiya odisiya. Kafafi, mawaƙin Yunanawa na Iskandariya, a waƙarsa ta 1911 mai sunan tsibirin, ya mai da Itaka dalilin fita kurum, amfanin duka yana hanya. Kazanzakis ma, a babbar waƙarsa ta 1938 mai layi 33,333, ya sake fitar da shi daga gida, bai mai da shi ba.

Ba duka aka bi wannan hanya ba. Jems Jois, a littafinsa Yulisis na 1922, ya matse labarin cikin yini ɗaya, 16 ga Yuni 1904, a birnin Dablin, gwarzonsa kuwa talaka ne wanda ya fita da safe ya komo gida cikin dare. Tafiyar ba ta da nisa, amma ya riƙe komowa, saboda haka ya fi masu dogon zango kusa da Homa. Akwai kuma misali daga sararin sama. Kumbon da Amurka ta harba zuwa duniyar Mars a 2001 an sa masa wannan suna, alhali ba a yi shi domin ya komo ba. Amma a 1970 ɗakin matuƙan Apollo 13 ma sunansa ke nan. Tankin iskarsu ya fashe a hanya, saukar wata ta faskara, aikin duka ya koma yadda za a mai da mutum uku gida da rai. A wannan karo sunan ya ci ma'anarsa ta asali, ba da nufin masu raɗa shi ba.

Shawara ga mai fassara

Hausa ba ta rasa kalmomin tafiya ba, sai dai kowace da nauyinta. Balaguro tafiya ce ta yau da kullum. Fatauci riba ya ke nema. Ci-rani yana da komowa, amma komowa ce mai ƙayyadadden lokaci, da faɗuwar ruwa. Ƙaura da hijira barin wuri ne. Yawon duniya ya dace da Yulisis na Dante da na Tenison, amma a bakin Hausawa yana da ɗan zargi, irin na wanda ya bar gida ba dalili, kuma zalunci ne a liƙa shi ga mutumin da ya ƙi rai marar ƙarewa domin ya ga hayaƙin garinsu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Rabin waƙar Homa tamkar bayanin wannan karin magana ne, sauran rabin kuwa ƙoƙarin ƙaryata shi.

Wani zai iya kiran Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, odisiyar Hausa. Akwai kama: Alhaji mai wayo ne, shi ya ke ba da labarinsa da bakinsa, ya kuma komo gida. Amma shi da niyya ya fita, neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ƙarfin labarin kuwa yana wajen nema da wasansa da Malam Zurƙe. Odisiyus ba ya neman kome sai abin da ya bari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na wannan shekara, ya fi kusa ta wajen zafin rabuwa da tafiyar da ba a zaɓa ba, ko da ya ke a can uwa ce ta bi sawun ɗa.

Akwai inda wannan bambanci ya wuce gardamar malamai. Jaridun Turai su kan kira tafiyar matasan da ke ratsa Sahara ta Agadas, su shiga kwalekwale a tekun Bahar Rum, odisiya. Teku ɗaya ne da na Odisiyus, mutuwar abokan tafiya ma ɗaya ce. Amma kalmar a bakin Turawan yanzu tana da ƙanshin jarunta da sha'awa, tana kuma sa mai karatu ya zaci akwai gida mai jira a ƙarshe. Mai fassarar da ya ce "yawon duniya" ya zargi waɗannan mutane, wanda ya ce "tafiyar jarunta" kuwa ya yi wa wahalarsu ado. Gara ya faɗi abin da ya faru: doguwar tafiya mai hatsari.

Saboda haka shawara ita ce kada a nemi kalma ɗaya a ɗaure ta da ita. Mai fassara ya fara tambaya wane Odisiyus marubucinsa ya ke nufi. In mai ƙin zama ne, yawon duniya ko doguwar tafiya mai gwagwarmaya sun isa. In kuwa na Homa ne, lalle a ji abu uku a cikin fassarar: daɗewa, da hasara, da komowar da sai an sake gane mutum. Mai nazari kuma, kafin ya kira wani littafi odisiya, ya duba ko akwai gida a cikinsa, da wanda aka bari a gidan, da abin da shekaru su ka yi musu.